Daga Abuja zuwa Rum: Darasin da ke cikin tafiyar Umar Sadiq zuwa ƙwallon Turai

A ranar 20 ga Disambar 2015, ana dab da tashi daga wasan Roma da Genoa a filin Olimpico da ke birnin Rum, kocin Roma Rudi Garcia ya fitar da Mohamed Salah, ya sako wani dogon matashi ɗan shekara 18 da akasarin 'yan kallo ba su riƙe sunansa ba. Bayan 'yan mintoci matashin ya sa kai ya zura ƙwallo a raga, Roma ta ci 2-0, Garcia wanda kujerarsa ke rawa a lokacin ya samu ɗan sararin numfashi. Sunan matashin Umar Sadiq, haifaffen Kaduna. Shekara biyu da rabi kafin wannan rana, ɗalibi ne a wata makarantar koyon ƙwallo mai suna Football College Abuja.

Irin wannan labari ne yake sa ɗaruruwan yara su fito da sanyin asuba a filin Old Parade Ground da ke Area 10, da filayen makarantun Kubwa, Nyanya, Gwagwalada da Mararraba, kowane da takalminsa a leda. Shi ne kuma yake sa iyaye su riƙa kwankwasa ƙofar ɗan'uwansu ma'aikacin gwamnati ko hadimin wani babba, suna neman a rubuta wa yaro takarda, ko a taimaka masa da fasfo, ko a haɗa shi da wanda zai fitar da shi waje.

Sai dai tafiyar Sadiq ta ƙunshi fiye da wannan ƙwallo guda. A cikinta akwai shekara uku na yawon aro a ƙasashe huɗu, akwai abokin tafiyar da ya ajiye takalmi yana da shekara 21, akwai kuma hukuncin da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Duniya, FIFA, ta yanke wa ƙungiyar da ta fara karɓar sa a Turai. Wanda ya bi tafiyar daki-daki zai ga cewa baiwa ce take ɗaga yaro, amma takardu ne suke yanke wanda zai amfana da baiwar da wanda zai tashi a tutar babu. Yawancin waɗannan takardu kuwa a ofisoshin Abuja ake sa musu hannu.

Kaduna, Abuja, Rijeka

An haifi Umar Sadiq a ranar 2 ga Fabrairun 1997 a Kaduna, garin da ya fitar da 'yan wasa irin su Daniel Amokachi, Garba Lawal, Celestine Babayaro da Tijjani Babangida. Ya fara ne kamar kowane yaro, a ƙwallon unguwa, da wata ƙungiya mai suna Kusa Boys, daga nan ya shiga makarantar Future of Africa, kafin masu farautar yara masu baiwa su kai shi Football College Abuja.

Wannan makaranta ta bambanta da sauran makarantun ƙwallo da suka cika Babban Birnin Tarayya. Wanda ya kafa ta a farkon shekarun 2010 shi ne Gabriele Volpi, hamshaƙin ɗan kasuwa ɗan Italiya da ya tara dukiyarsa a Najeriya ta hanyar kamfanin Intels, mai hidimar kamfanonin mai a tashoshin jiragen ruwa, musamman ta Onne a Jihar Ribas. A 2008 Volpi ya mallaki ƙungiyar Spezia ta Italiya, a 2012 kuma ya zuba jari a ƙungiyar Rijeka ta ƙasar Kuroshiya. Wato a lokacin mutum ɗaya ne yake riƙe da bakin rijiya a Najeriya da kuma randuna biyu a Turai. Yaron da ya yi fice a makarantar ba ya buƙatar dillali ya yi ta yawo da bidiyonsa, domin hanya a share take tun kafin ya iso.

A watan Yunin 2013 makarantar ta kai tawagarta gasar matasa ta Kvarnerska Rivijera, wadda ƙungiyar Rijeka take shiryawa tun 1953. Yaran Abuja suka lashe kofin, Sadiq kuma ya fi kowa zura ƙwallo. A lokacin shekararsa 16 da wata huɗu. Daga wannan gasa ce rayuwarsa ta koma Turai.

Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Jamilu Collins, shi ma ɗan Kaduna, ta nan ya shiga Rijeka, daga baya ya buga gasar Bundesliga ta Jamus da ƙungiyar Paderborn, ya kuma tsare wa Super Eagles baya a gasar cin kofin Afirka ta 2019. David Okereke ta nan ya shiga Spezia, kafin Club Brugge ta Beljiyam ta saye shi a 2019. Akwai kuma Abdullahi Nura, mai tsaron baya ta dama, wanda ƙaddara ta haɗa tafiyarsa da ta Sadiq.

Daga Lavagna zuwa Olimpico

Da Sadiq ya isa Italiya, bai fara sa rigar Spezia kai-tsaye ba. An fara ajiye shi a Lavagnese, wata ƙaramar ƙungiya a garin Lavagna da ke gaɓar tekun Liguria, wadda take buga rukuni na huɗu na ƙwallon Italiya, rukunin da ba a lissafa shi cikin na ƙwararru. Daga nan ya koma tawagar matasan Spezia, inda a kakar 2014 zuwa 2015 ya zura ƙwallo fiye da 20, ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar matasan Italiya da ake kira Primavera.

Tsayinsa ya haura mita 1.90, amma yana jan ƙwallo kamar gajeren ɗan wasan gefe. Wannan siffa ce ta ja hankalin Walter Sabatini, daraktan wasanni na Roma a lokacin, mutumin da ya yi suna wajen sayen matasa da araha. A bazarar 2015 Roma ta karɓi aron Sadiq da Nura tare, da sharaɗin za ta iya sayen su idan sun gamsar da ita.

A ranar 21 ga Nuwambar 2015 Sadiq ya fara buga gasar Serie A, aka sako shi ana saura 'yan mintoci a tashi a wasan da Roma ta yi 2-2 da Bologna. Bayan wata ɗaya ya ci Genoa. Ranar 6 ga Janairun 2016 aka fara wasa da shi a karon farko, ya sake zura ƙwallo a karawar da aka tashi 3-3 da Chievo. Jaridun Rum suka fara kiran sunansa a manyan kanun labarai.

Amma ƙwallon Turai ba ta jiran yaro ya nuna. Mako guda bayan wasan Chievo aka sallami Garcia, aka kawo Luciano Spalletti. Ba da jimawa ba kuma Roma ta ɗauko Stephan El Shaarawy da Diego Perotti, ga Edin Dzeko da Salah da Francesco Totti a gabansa. Sadiq ya koma tawagar matasa, wadda ta lashe gasar Primavera a wannan kaka ƙarƙashin koci Alberto De Rossi. Ya kammala kakar da wasa shida da ƙwallo biyu a Serie A. A watan Yunin 2016 Roma ta saye shi daga Spezia a kan yuro miliyan 2.5.

Tagullar Riyo

Watanni biyu bayan haka 'yan Najeriya suka san shi sosai. Koci Samson Siasia ya sa shi cikin tawagar 'yan ƙasa da shekara 23 da ta wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta Riyo a Burazil. Ma'aikatan da suka yi aiki a Ma'aikatar Matasa da Wasanni a wancan lokaci ba za su manta da wannan tafiya ba. Tawagar ta maƙale a birnin Atlanta na Amurka saboda rikicin kuɗin jirgi, ba ta sauka a Manaus ba sai 'yan sa'o'i kafin wasanta na farko da Japan a ranar 4 ga Agustan 2016.

Duk da gajiyar tafiya, Najeriya ta ci 5-4. Sadiq ne ya buɗe da ƙwallon farko, Oghenekaro Etebo ya zura huɗu. A wasa na biyu da Suwidin, ƙwallo ɗaya tilo da aka ci ta Sadiq ce. Tawagar ta fitar da Denmak a zagayen kusa da na kusa da ƙarshe, Jamus kuma ta tare ta da ci 2-0 a wasan kusa da ƙarshe. A ranar 20 ga Agusta, a birnin Belo Horizonte, aka kara da Honduras don neman lambar tagulla. Sadiq ya ci biyu, Aminu Umar ya ci ɗaya, aka tashi 3-2.

Wannan tagulla ita ce lambar yabo ɗaya tak da Najeriya ta dawo da ita daga Riyo. Kyaftin John Mikel Obi ya bayyana daga baya cewa da kuɗinsa ya biya wasu buƙatun tawagar, wani likita ɗan Japan, Katsuya Takasu, shi ma ya ba 'yan wasan kyautar kuɗi bayan ya ji halin da suke ciki. Matashi ɗan shekara 19 da gwamnati ba ta kashe ko kwabo wajen horar da shi ba, shi ne ya ci huɗu daga cikin ƙwallayen da suka fitar da ƙasa kunya.

Shekarun aro

Wanda ya ga Sadiq a Riyo zai ɗauka hanya ta miƙe. Abin da ya biyo baya akasin haka ne. Tsakanin Agustan 2016 da Yulin 2019 Roma ta ba da aronsa ga ƙungiyoyi shida a ƙasashe huɗu.

A Bologna rauni ya cinye masa kaka, ya bar ƙungiyar ba tare da ya ci ko ƙwallo ɗaya a Serie A ba. A Torino wasannin da ya buga ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, aka yanke aron a tsakiyar kaka. A Janairun 2018 ya koma NAC Breda ta ƙasar Holan, inda ya ɗan farfaɗo, ya ci ƙwallo biyar a rabin kaka, ƙungiyar kuma ta tsira daga faɗawa rukuni na biyu.

Mafi ɗaci shi ne zamansa a Rangers ta birnin Glasgow, ƙarƙashin Steven Gerrard. Da ƙyar ake sa shi a wasa. A ƙarshen Oktoban 2018, da manyan 'yan wasan gaban ƙungiyar biyu ba su da damar bugawa, aka fara da shi a wasan kusa da ƙarshe na kofin League Cup da Aberdeen a filin Hampden. Ana dab da tashi ya samu damar farke ƙwallo, ya kauce wa mai tsaron raga, ya faɗi, alƙalin wasa ya ba shi katin gargaɗi bisa zargin faɗuwar ganganci. Rangers ta sha kashi 1-0, jaridun Sikotilan suka yi masa ca. A Disamba aka soke aron. Daga baya ya shaida wa manema labarai cewa har ɗakin sauya kaya na manyan 'yan wasa an hana shi shiga kafin ya bar ƙungiyar. Daga Glasgow ya koma Perugia a rukuni na biyu na Italiya, ya ƙarasa kakar a can.

Dalilin wannan yawo ba ɓoyayye ba ne. Ga babbar ƙungiya, matashin da ta saya da araha jari ne: tana ba da aronsa don darajarsa ta tashi ko aƙalla wani ya ɗauke mata nauyin albashinsa. Ƙungiyar da ta karɓi aro kuwa ba ta da dalilin yin haƙuri da yaron da ba nata ba. Idan bai ci ƙwallo a wasa uku ba, sai benci. Kowane wata shida sabon gari, sabon harshe, sabon koci da sabon salon wasa, ga shi babu uwa babu uba a kusa. Yara da yawa a nan tafiyarsu take ƙarewa, sai dai a ji suna wata ƙaramar ƙungiya a ƙasar da ba a kallon gasarta, ko sun daina bugawa ba tare da sun iya komawa gida ba.

Sadiq ya samu mafita a inda ba a zata ba. A bazarar 2019 ya tafi aro Partizan ta birnin Belgrade a Sabiya, inda kocin ƙungiyar, Savo Milosevic, tsohon ɗan wasan gaba ne da ya san abin da mai cin ƙwallo yake buƙata: a bar shi ya buga mako bayan mako. Ya ci ƙwallaye a gasar cikin gida, ya kuma ci a gasar Europa a rukunin da ya haɗa da Manchester United, AZ Alkmaar da Astana. Partizan ta saye shi daga Roma. A Oktoban 2020 Almeria ta rukuni na biyu na Sifaniya ta ɗauke shi a kan kimanin yuro miliyan 5. Ya ci ƙwallo 20 a kakar farko, 18 a ta biyu, ƙungiyar ta lashe gasar ta hau La Liga a 2022. A Janairun wannan shekara ya ci wa Super Eagles ƙwallo a ragar Gini Bisau a gasar kofin Afirka a Garwa da ke arewacin Kamaru. Ranar 1 ga Satumbar 2022 Real Sociedad ta biya yuro miliyan 20 don ya maye gurbin Alexander Isak da ya koma Newcastle. Ya ci Atletico Madrid a wasansa na farko, bayan mako guda kuma jijiyar gwiwarsa ta tsinke a wasa da Getafe, ya rasa sauran kakar gaba ɗaya.

Daga gasar Rijeka zuwa wannan ciniki, shekara tara ne.

Abokin tafiya

Abdullahi Nura, wanda suka shiga Roma rana ɗaya, mutane da yawa a Rum sun ɗauka zai riga Sadiq kafuwa, saboda gudunsa da ƙarfinsa a gefen dama. Amma likitoci sun gano matsala a zuciyarsa, rauni a gwiwa shi ma ya tsayar da shi tsawon lokaci. Ya tafi aro Perugia, a 2019 kuma likitoci suka ba shi shawarar ya daina buga ƙwallo, yana da shekara 21. Rahotanni daga Italiya sun ce Roma ba ta yasar da shi ba, ta nema masa aiki a cikin ƙungiyar.

Nura ya taki sa'a, domin ciwon ya same shi yana da kwantiragi da babbar ƙungiya. Yaron da irin wannan ta same shi yana zaune a ƙasar waje da bizar yawon buɗe ido da ta ƙare, babu kwantiragi, babu inshora, babu takardar kammala sakandare, shi da iyayensa ne kaɗai za su ɗauki asarar.

Doka ta 19

Tun 2001 FIFA ta kafa doka, wadda take sashe na 19 na ƙa'idojinta na sauya sheƙar 'yan wasa, cewa ba a ɗauke ɗan wasa daga ƙasa zuwa ƙasa sai ya cika shekara 18. Togaciyar da aka yi kaɗan ce: idan iyayen yaro sun yi ƙaura saboda dalilin da bai shafi ƙwallo ba, idan sauyin tsakanin ƙasashen Tarayyar Turai ne kuma yaron ya kai shekara 16, idan gidansu da ƙungiyar duka suna cikin kilomita 50 daga iyakar ƙasashen biyu, sai kuma 'yan gudun hijira da ɗaliban musaya da aka ƙara daga baya. Yaron da aka ɗauko daga Kaduna ko Abuja yana da shekara 16 don ya buga ƙwallo a Italiya ba ya cikin ko ɗaya. Kan wannan doka ce aka hukunta Barcelona a 2014, Real Madrid da Atletico Madrid a 2016, da Chelsea a 2019.

Masu bincike a birnin La Spezia sun yi zargin cewa ana shigo da yaran Najeriya da bizar ɗan gajeren zama don halartar gasar matasa, sai a bar su a ƙasar a matsayin ƙananan yaran da ba su da mai kula, a naɗa musu waliyyai, a yi musu rajista a ƙananan ƙungiyoyin da ba na ƙwararru ba har su cika 18, sannan Spezia ta ɗauke su. A watan Yulin 2021 FIFA ta samu Spezia da laifin karya sashe na 19 dangane da yara 13 'yan Najeriya. Ta hana ta rajistar sababbin 'yan wasa har zango huɗu na kasuwar 'yan wasa, ta ci ta tarar kuɗin Suwizalan 500,000. Ƙungiyoyin Lavagnese da Valdivara su ma hukuncin ya shafe su. A lokacin Volpi ya riga ya sayar da Spezia ga iyalin Platek na Amurka a watan Fabrairun shekarar. Sababbin masu ƙungiyar suka ɗaukaka ƙara, a 2022 kuma Kotun Sauraren Ƙararrakin Wasanni da ke Lausanne ta rage haramcin zuwa zango ɗaya.

Hukuncin bai taɓa ko ɗaya daga cikin 'yan wasan ba, kuma bai kamata ya taɓa su ba, domin yara ne da suka bi inda manya suka nuna musu. Masu kare tsarin suna da hujjarsu: ba don wannan hanya ba, wataƙila da Sadiq da Okereke ba su taɓa taka filin Serie A ba, kuma makarantar ta ba yara abinci, horo da kulawar da babu wata hukuma a Najeriya da ta ba su. Amma an kafa dokar ne saboda yaran da ba a jin labarinsu. Duk ƙungiyar da ta kwaso yara goma ta san ɗaya ko biyu ne za su biya kuɗin sauran, kuma babu wanda yake bin diddigin inda takwas ɗin suka ƙare.

Waɗanda suka jira

Akwai wata hanyar, kuma ta fitar da manyan 'yan wasa. Ahmed Musa ya buga wa JUTH ta Jos, sannan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, ya zama gwarzon masu cin ƙwallo na gasar Najeriya. Ƙungiyar VVV-Venlo ta Holan ta daidaita da shi, amma sai da ta jira ya cika shekara 18 a ranar 14 ga Oktoban 2010. Wilfred Ndidi ya bar Nath Boys ta Legas zuwa Genk ta Beljiyam a Janairun 2015, wata guda bayan ya cika 18. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Chile a 2015, manyan ƙungiyoyi suka yi masa layi, amma bai koma Wolfsburg ba sai Janairun 2017, bayan ya cika 18.

Dukansu ukun sun tafi da rajista a ƙungiyar gida, da takardar izinin sauya ƙasa daga Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, da kwantiragin da aka san abin da ke ciki. Jiran shekara ɗaya ko biyu bai rage su da komai ba.

Kuɗin da rashin rajista ke cinyewa

Rajista tana da wani amfanin da masu makarantun ƙwallo da yawa ba su lura da shi ba. A ƙa'idar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 cikin 100 na kuɗin cinikin, kowace shekara daga 16 zuwa 23 kuma tana da kashi 0.5. A cinikin yuro miliyan 20, irin wanda aka yi a kan Sadiq, abin da za a raba yuro miliyan 1 ne, kuma ƙungiyar da ta riƙe yaro daga shekara 12 zuwa 15 tana da haƙƙin yuro 200,000. Ga ƙungiyar unguwa a Kaduna ko Karu, wannan kuɗi ya isa ya gyara fili, ya sayi mota, ya biya masu horarwa na shekaru.

Sharaɗin shi ne ƙungiyar ta kasance tana da rajista da hukumar ƙwallon ƙasarta, sunan yaron kuma yana cikin kundin hukumar a waɗannan shekaru. Tun Nuwambar 2022 FIFA ta buɗe ofishi na musamman a Faris da yake karɓar wannan kuɗi ya raba, bisa tarihin ɗan wasa da aka shigar a na'ura. Shekarar da ba a rubuta ba, kamar ba a yi ta ba ce. Kocin unguwar da ya saya wa yaro takalmi daga aljihunsa, ya riƙa ba shi kuɗin mota, idan bai yi rajista ba, sai dai ya kalli yaron a talabijin.

Abin da ya rage a teburin Abuja

A nan batun ya dawo kan ma'aikatan Babban Birnin Tarayya. Takarda ta farko a rayuwar ɗan ƙwallo ita ce ta haihuwa, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa take bayarwa. Najeriya ta lashe kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, a 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015, amma a Agustan 2016 'yan wasa 26 daga sansanin tawagar suka faɗi gwajin tantance shekaru na na'urar MRI, kwanaki kaɗan kafin wasan share fage da Nijar, Nijar ɗin kuma ta fitar da masu riƙe da kofin. Duk jami'in da ya taimaka aka rage wa yaro shekaru a takardar haihuwa, ko a lambar NIN, ko a fasfo, ya ɗaura masa ƙaryar da za ta bi shi har ƙarshen sana'arsa, ya kuma ƙwace gurbin wani yaron da shekarunsa na gaskiya ne.

Takarda ta biyu ita ce wasiƙar neman biza. Hadimin da aka kawo wa jerin sunayen yara za su tafi gasa a Turai, ana neman wasiƙar goyon baya mai ɗauke da tambarin ofishin maigidansa, yana da tambayoyi huɗu da ya kamata ya yi kafin ya miƙa ta a sa hannu. Makarantar tana da rajista da hukumar ƙwallon Babban Birnin Tarayya ko ta jiharta? NFF ta amince da tafiyar a rubuce? Wanda ya shirya ta yana da lasisin wakilin 'yan wasa na FIFA, wanda tun 2023 sai an ci jarrabawa ake samu? Yara nawa suka tafi a tafiyar da ta gabata, nawa suka dawo? Ƙungiyar gaske a Turai ba ta karɓar kuɗin gwaji daga iyayen yaro. Duk wanda ya ce a sayar da fili ko a ci bashi don a kai yaro gwaji, batunsa ya fi kusa da aikin hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane fiye da na NFF.

Takarda ta uku ita ce kundin rajista. Tun Oktoban 2024, da aka rushe ma'aikatar wasanni aka dawo da Hukumar Wasanni ta Ƙasa ƙarƙashin Shehu Dikko, wanda ya taɓa jagorantar kamfanin da ke gudanar da gasar ƙwallon Najeriya, ake maganar mayar da wasanni hanyar samun kuɗin shiga. Hanya mafi araha ta fara wannan ita ce hukumar da NFF ta Ibrahim Musa Gusau su tabbatar kowace makarantar ƙwallo a ƙasar nan tana cikin kundi, kowane yaro daga shekara 12 yana da lamba, kuma babu makarantar da za a ba lasisi sai tana da likita mai duba zuciya da tsarin da zai bar yaro ya kammala sakandare. Wannan ba ya buƙatar sabon filin wasa. Ma'aikata ne, da kwamfuta, da bin doka.

Abuja tana da Filin Wasa na Moshood Abiola da aka gina don wasannin Afirka na 2003, tana da hedikwatar NFF, tana da ofisoshin jakadancin da ake neman biza. Abin da ba ta da shi shi ne ƙungiya mai tushe a babbar gasar ƙasa, irin Kano Pillars ko Enyimba, wadda yaro ɗan shekara 16 zai sa rigarta ya jira lokacinsa a gaban jama'arsa. Muddin babu wannan tsani a gida, yaran Kubwa da Nyanya za su ci gaba da bin duk wanda ya nuna musu tikitin jirgi. Umar Sadiq ya bi, ya sha wuya, ya kai ga gaci. Kafin yaro na gaba ya bi sahunsa, takardarsa za ta ratsa ta teburin wani ma'aikaci a Abuja, kuma ya dace ma'aikacin ya karanta ta kamar ta ɗan cikinsa ce.